Karatun Motsa Jiki Ba Wasa Ba Ne

Ya 'yan'uwa, da yawa cikinmu kan hana 'ya'yansu shiga sashen ilimin motsa jiki a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero, wai karatun 'yan ƙwallo ne. Wannan kuskure ne. A can ake koyon ƙirar jikin ɗan Adam, da agajin gaggawa, da rigakafin hawan jini da ciwon suga. Manzon Allah (SAW) kansa ya yi tsere da Nana A'isha (RA). In muka ƙaurace wa fannin nan, wa zai horar da 'yan matan makarantunmu cikin sutura, ba tare da cakuɗa da maza ba? Lallai mu tura ɗalibai, musamman mata. Allah Ya sa mu dace.