LISSAFIN BUƊE SHAGON SHISHAR ALJIHU DA ƊAN YAYATA YA KAWO MIN

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo, amma abin ya tsaya min a rai tun daren Laraba.

Ɗan yayata ne ya same ni bayan an tashi daga kasuwar Makarfi, riƙe da takarda an rubuce ta tsaf. Yaro ne mai hankali, ya gama difloma, shekara biyu ke nan yana zaune babu aiki. Ya ce, "Kawu, na samo sana'a, jari kawai ya rage." Na ce masha Allah, wace iri? Ya ce shagon shishar aljihu zai buɗe, wannan sigarin lantarki mai batir da yaran zamani ke kira vape. Wai wani abokinsa a Zariya ne ya ce masa duk wanda ya riga buɗewa a yankinmu, shi zai kwashe cinikin Makarfi da Ikara da Hunkuyi gaba ɗaya.

Na karɓi takardar na duba. Hayar shago ta shekara, kantar gilashi, fenti da fitilu masu launi, sola da batir tunda wutar NEPA sai an ga dama, na'urar POS, rajistar sunan kasuwanci a CAC, kuɗin motar zuwa sari, sai kuma kayan kansu. Jimilla ta haura naira miliyan uku, kuma kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin a kan kayan zai tafi. Na ce to ina za ka samo? Ya sunkuyar da kai, ya ce rabonsa na fadamar rake da mahaifinsu ya bari zai sayar, ni kuma in cika masa sauran.

Wallahi sai da na ji jiri. Fadama fa!

Bari mu fara ajiye maganar halal da haram a gefe, mu yi ta a matsayin 'yan kasuwa, don kar a ce tsoho ya fake da wa'azi. Wannan kaya babu ko ɗaya da ake yi a Najeriya. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro na'urar a 2003, kuma har yau mafi yawan waɗanda ke yawo a duniya daga masana'antun birnin Shenzhen suke fitowa. Ke nan da dala ake saro su. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ka sayar da kayanka kaf, ka koma sari, ka tarar kuɗin ba za su sayi abin da ka sayar ba. Masu shagon waya sun san wannan ciwon, amma ko banza waya ba ta yoyo. Wannan kuwa ruwa ne da batir a cikin roba ɗaya. Ka jera su a kanta cikin zafin watan Afrilu, wasu su tsiyaye, wasu batirinsu ya mutu tun ba a buɗe kwali ba, kuma wanda ya sayar maka a Legas ba zai karɓi ko guda ba.

Sannan na yi masa tambayar da takardarsa ba ta amsa ba: wa zai saya?

Nan ne masu kare sana'ar ke da hujjar da suke ji da ita. Suna cewa ai hukumomin lafiya na Ingila sun ce shishar aljihu ba ta kai sigari illa ba, har ana amfani da ita wajen taimaka wa masu son daina shan taba. Gaskiya ne sun faɗa, ba zan ƙaryata ba. Amma sun faɗa ne a kan baligin da ya riga ya kamu da sigari, kuma a tare suka ce wanda bai taɓa shan taba ba kada ya fara. To a zo nan gida. Dattijon da ke sayen sigari kara ɗaya wajen mai tebur a Tashar Yari, shi ne zai zaro dubban nairori ya sayi roba mai ƙamshin mangwaro? Ko ɗan dakon da ke lodin rake? Don Allah mu daina yaudarar kanmu. Ɗanɗanon kankana da cingam da alawa ba don mai furfura aka yi su ba. Mai saye shi ne ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris, da ɗan sakandare mai kuɗin tara, da ɗan acaɓa da ya yi cinikin yini, da 'yan matan da za su aiko ƙaninsu a ɓoye. Abin ba ya warin taba, ba ya buƙatar gawayi da tulu irin na shisha, yana shiga aljihu kamar biro. Uwa za ta shiga ɗaki ta ji ƙamshi ta ɗauka turare ne.

Ita Ingilar da ake kafa hujja da ita, tun ranar 1 ga Yunin 2025 ta haramta sayar da irin wadda ake sha a yar, saboda yadda yara suka rungume ta da kuma tulin sharar batir. Can doka ta ƙayyade sinadarin nikotin kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Ku ɗauki kwalin waɗanda ke yawo a hannun yaranmu ku duba, da yawa za ku ga an rubuta kashi 5. Indiya ta haramta sigarin lantarki ɗungurungum a 2019. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙasar Sin ɗin kanta: tun watan Oktoban 2022 ta hana sayar da mai ɗanɗanon 'ya'yan itace a cikin ƙasarta, amma ta bar masana'antu suna yi suna turawa waje. Mai tuwon ya hana 'ya'yansa ci, mu kuma za mu sayar da gonar gado mu saro wa namu. A Amurka kuwa kamfanin Juul sai da ya amince ya biya ɗaruruwan miliyoyin daloli a 2022 da 2023 kan ƙarar da jihohi suka kai shi cewa ya yi talla yana jan hankalin ƙananan yara.

Na ce masa, ɗana, ribar wannan shago a wuri ɗaya take: wanda ya saya yau ya kasa haƙura gobe. Nikotin ke dawo maka da shi, ba kyan fenti ko iya magana ba. Idan yaran unguwa ba su kamu ba, jarinka ya narke. Idan sun kamu, ka samu kuɗi, amma kullum za ka haɗa sahu da iyayensu a masallaci. Zaɓi ɗaya. Garuruwanmu ba Legas ba ne da za ka ɓace cikin jama'a; a Makarfi ko Kudan kowa ya san ɗan gidan waye kai.

Kuma mun ga irin wannan da idonmu. Maganin tari mai kodin a kemis aka fara sayar da shi, da sunan kasuwanci, masu sayarwa suna cewa ai ba su tilasta wa kowa ba. Sai da ya ci gidaje, har matan aure, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayun 2018 bayan rahoton BBC. Ban ce shishar aljihu daidai take da kodin ba. Na ce hanyar shigowar iri ɗaya ce, kuma robar da ake ɗura wa ruwan mangwaro ana iya ɗura mata wani abin daban.

Ya ce, "Kawu ai doka ba ta hana ba." Na ce to ka dogara da hakan ka gani. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya fito ya ce an hana shisha. A 2021 Kano, maƙwabciyarmu, ta hana shan ta a otal-otal da wuraren shaƙatawa. Rana ɗaya za a wayi gari da sanarwa, a zo a kwashe kayan miliyan biyu, babu mai biyanka ko sisi. Ita kuma dokar taƙaita taba ta 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, kowa ya san a takarda ta tsaya. Shi ya sa ba na yarda idan an ce min "za mu riƙa duba shekaru". Da wane kati? Yaron shago da aka bari da ciniki ne zai kori mai kuɗi a hannu?

Ba yaron kaɗai nake zargi ba. Zaman banza ne ya kai shi, kuma mu manya muna da laifi. Yankin da ke ciyar da ƙasa da rake da mazarƙwaila da tumatir da barkono, ga kamfanin tumatir a Ikara da aka daɗe ana yi mana alƙawari a kansa, amma matashi mai difloma ya duba gabas da yamma bai ga abin da zai sa miliyan uku a ciki ba sai hayaƙi. Kakanninmu a ƙasar Zazzau sun noma wa kamfanin taba na Zariya ganye, ba abin alfahari ba ne, amma aƙalla kuɗin yana shigowa ƙauye. Wannan kuwa kuɗin fita kawai yake yi, ya bar mana tari da matattun batura a kwata.

Masu ba da hayar shaguna, ku tambayi abin da za a sayar kafin ku karɓi kuɗi. Masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙananan hukumomin uku, kada ku jira sai an buɗe na biyar sannan a kira taro. Masu shagon waya da ke ɓoye kwalaye a ƙarƙashin kanta kuma, mun san da ku.

Ni dai na faɗa masa ko kwabo ba zan sa ba, kuma na kira mahaifiyarsa na ce kada a sa hannu a takardar fadamar nan. Ya tafi yana fushi, bai ko yi min sallama ba. Na bi shi da saƙo cewa in injin matse rake ne ko na markaɗe ko shagon gyaran sola, ya sake lissafi ya kawo min ranar Laraba mai zuwa, zan cika masa abin da ya sawwaƙa. Har yanzu bai amsa ba, amma na ga ya karanta.