Ƙayyade Ayyukan Kwamfuta a Lokaci Guda: Fa'idodi da Illoli

Masu POS na Tambuwal, Dogon Daji da Kebbe ba su manta da farkon shekarar 2023 ba. Takardun Naira suka yi ƙaranci, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, na'urorin bankuna suka sha nauyi. Sai a cire kuɗi daga asusun mai saye, mai shago kuwa ya wuni bai ga alat ba. Tushen irin wannan matsala tambaya ce da ta daɗe a gaban masana kwamfuta: ayyuka nawa za a bar na'ura ta ɗauka a lokaci guda?

Manhajojin tsara ayyuka ke yanke wannan hukunci, kuma ba halinsu ɗaya ba. Cron, wadda ta zo da tsarin Unix tun shekarun 1970, da lokaci ya yi sai ta tada aiki, ko na baya bai ƙare ba. Slurm, da aka ƙirƙira a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka, tana iya yanka wa kowane mutum adadin ayyukan da ba zai wuce ba. Kubernetes kuwa zaɓi uku take bayarwa: a bar sabon aiki da tsohon su gudana tare, a hana sabon tashi, ko a kashe tsohon.

Babbar fa'idar iyaka ita ce ceton na'ura daga durƙushewa. Tun 1968 Peter Denning ya bayyana yadda kwamfuta, idan ayyuka suka fi ƙarfin ma'ajiyarta, ke ɓata lokacinta wajen kai da kawon bayanai, aikin kansa ya tsaya cik. Na biyu, iyaka na hana aiki ɗaya gudana sau biyu. A lissafin albashi, wannan na nufin kada a biya mutum sau biyu. Na uku, adalci: mutum ɗaya ba zai mamaye na'ura ya bar saura a tsaye ba. Ga mai shagon kwamfuta da ke dogaro da sola ko janareta, rage nauyi rage cin wuta ne.

Illolin ma ba ƙanana ba ne. In iyakar ta yi tsauri, na'urar da aka saya da tsada tana zaune ba aiki, layi kuma na ƙara tsawo. Ƙananan ayyuka na gaggawa kan maƙale bayan babba, kamar yarinya mai kwano ɗaya na gero da ta tarar da mai buhu uku a injin niƙa. Aikin da ya sanƙare kan riƙe gurbi har sai an ankara. Wani kuma ya riƙe gurbin yana jiran ɗan aikin da shi ya tayar, wanda bai sami gurbi ba, duka biyun su tsaya. Mafi haɗari shi ne aikin da aka tsallake shiru, musamman ajiye kwafin bayanai, don ba a sani sai ranar da aka nema.

Idan aka auna, fa'ida ta rinjaya, amma da sharaɗi. Kada a ƙiyasta adadin da ka. A gwada ƙarfin na'ura tukuna. A ware wa ayyukan gaggawa nasu layin, a yanka wa kowane aiki wa'adi, a sa ƙararrawar da za ta sanar idan an tsallake wani. Kuma a riƙa waiwayar adadin, domin nauyin ranar biyan albashi ba ɗaya yake da na tsakiyar wata ba.