Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Abin da Kasuwa Ta Ɗauke wa Waƙar Hausa

Shekarar 1999 ta haɗa al'amura biyu a tarihin kiɗan Hausa. A watan Yuni Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano, a shekarar kuma fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta fiyano ta mamaye kasuwa. Tun daga nan manazarta da dama suke kallon wannan sauyi a matsayin lalacewa, wai son kuɗi ne ya kore fasaha. Hukuncin nan yana buƙatar gyara.

Makaɗin Hausa bai taɓa rabuwa da neman abin masarufi ba. Ibrahim Narambaɗa ya rayu a inuwar Sarkin Gobir na Isa, Shata kuwa ya wasa sarakuna da attajirai da direbobi, an ba shi riguna da motoci. Hatta rabe-raben makaɗa da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bayyana, na fada da na sana'a da na jama'a, sun dogara ne ga wanda ake yi wa kiɗan, wato mai biya. Ashe kasuwa tsohuwar abokiyar tafiya ce.

Abin da ya sauya shi ne matsayin kiɗa a gaban harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma yana bin hawa da saukar murya yayin da makaɗi ke matse shi a hammata yana sassautawa. Shi ya sa ake cewa ganga tana magana. Jagora ya jefa ɗa, 'yan amshi su karɓa, makaɗa su bi lafazinsa. A ɗakin ɗaukar sauti kuwa, sau da yawa kiɗa ake fara tsarawa, sannan a tusa kalmomi a cikinsa, ko da za a ja gajeren wasali ko a karya karin kalma. Mutum guda da na'ura ya maye gurbin ƙungiya sukutum, tare da ita kuma aka rasa makarantar da yaro ke shafe shekaru yana amshi kafin ya zama jagora.

Ba Hausawa kaɗai wannan ya shafa ba. Ƙungiyar Simple Minds ta Glasgow ta fara a 1977 da kiɗa mai kaushi na bijire wa kasuwa, amma waƙar da ta kai ta matsayi na ɗaya a Amurka a 1985 wasu ne suka rubuta ta domin fim. A can ma masu sharhi sun yi saɓani a kan ko bunƙasa ce ko sayar da asali.

A garuruwan kudancin Kano irin su Yako da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, gayyar noma da farauta da bukukuwa su ne suka riƙe makaɗa. Yau mai biki ya fi samun sauƙin ɗauko lasifika da ya ciyar da makaɗa shida. Ba za a zarge shi ba, iya ruwa fidda kai.

Nauyin yana kan sassan nazarin Hausa. Zargin mawaƙan fiyano ba zai dawo da kalangu ba, su ma waƙoƙinsu sun cancanci nazari da ma'aunin da ya dace da su. Abin gaggawa shi ne a tura ɗalibai karkara su naɗi taken ganguna da ma'anarsu daga bakin dattawan makaɗa, domin baitin waƙa yana zama a takarda, amma maganar ganga tana hannun mai kaɗa ta ne kawai.