Reza ɗaya, kai ɗaya: a fara gyara daga rumfar wanzami

Duk wanda ya saba cin kasuwar Jibiya ko ta Illela ran Lahadi, ko ta Birnin Ƙonni ran Laraba, ko Maigatari ran Alhamis, ya san yadda rumfar aski take cika da hantsi. Mutum ya kwana a mota, ya sauke kaya, ya bar yaro yana tsaro, ya ce bari ya je a rage masa suma kafin masu saye su taso. Wanzami kuwa sauri yake yi, domin kasuwa rana ɗaya ce a mako, abin da bai samu yau ba sai wani satin. Daga kan mutumin Maraɗi sai kan Bakatsine, daga nan sai na mutumin Damagaram, kuma sau da yawa aska guda ce, tsumma guda ne, ruwa guda ne a gwangwani. Mai yankan farce shi ma yana bin rumfa-rumfa yana kaɗa almakashinsa, ya gama da ƙafar wannan ya kama hannun wancan, iyakarta ya goge ƙarfen da ɗan soso mai kumfa.

Babu wanda zai raina waɗannan sana'o'i. Wanzami shi ne ya yi mana askin suna, shi ya yi mana kaciya, kuma a garuruwa da dama har yau Sarkin Aska mutum ne da ake jin maganarsa a fada. Amma wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a kafa ƙa'idar tsabta a wuraren aski da gyaran gashi da yankan farce na kasuwanninmu na iyaka, ƙa'ida gajera wadda kowa zai iya haddacewa, kuma wadda mu ƴan kasuwa za mu fara biyan kuɗinta kafin mu nemi wani ya bi.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarun da aka matsa da faɗakarwa a kan cutar sida, gidajen rediyo ba su da magana sai ta reza da allura. Mutane sun tsorata, masu aski da yawa sun koma ɓare sabuwar reza a gaban mai aski. Da tsoron ya lafa sai aka koma gidan jiya. Abin da ba a gaya wa jama'a sosai ba a lokacin shi ne, a bakin aska akwai cutar da ta fi sida saurin kama mutum nesa ba kusa ba, wato ciwon hanta samfurin B. Ƙwayar sida ba ta jure zama a waje. Ita kuwa ƙwayar ciwon hanta, a faɗar Hukumar Lafiya ta Duniya, tana iya yin kwana 7 ko fiye a wajen jikin mutum tana nan da ƙarfinta. Ke nan ɗigon jinin da ya bushe a bakin almakashi ran kasuwar wannan mako yana iya jiran wanda zai zauna ran kasuwar mako mai zuwa.

Ba cuta ce ta ƴan tsiraru ba. Rahoton da hukumar ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma ta kashe mutum kusan miliyan 1.1 a shekarar kaɗai. Daga cikin masu ita, kashi 13 cikin 100 ne kawai aka auna aka gano. A Najeriya, babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya sami ciwon hanta samfurin B a jinin kashi 8.1 cikin 100 na manya, alhali masu sida ba su kai kashi 2 ba. A lissafin kasuwa, idan mutum 12 suka zauna a benci suna jiran aski, a ƙiyasce guda daga cikinsu yana da ita, kuma shi kansa bai sani ba. Haka cutar take. Takan yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta a ɓoye, mutum yana ta fataucinsa lafiya ƙalau, sai wata rana idanu su yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ta hau. Sai a ce shawara ce, ko a ce sammu ne abokan kasuwa suka yi masa, a yi ta jiƙe-jiƙe har jari ya ƙare, alhali hanta ce ta riga ta lalace ko sankara ta kama ta. Kasuwa nawa ce ba ta yi irin wannan jana'iza ba?

Ba mu ce duk mai ciwon hanta a wurin aski ya samo shi ba. Mafi yawan masu shi a ƙasashenmu tun suna jarirai ko ƙanana suka kamu, daga uwa ko daga sauran yara, akwai kuma hanyar jima'i da allurar da ba a tsabtace ba da ƙarin jinin da ba a auna ba. Sai dai aska ita ce ƙofar da ta fi kowace araha wajen rufewa, shi ya sa muka fara da ita.

Wani zai ce shi ai ya daina askin aska, injin aski yake zuwa a shago mai madubi da fanka. To a wani bincike da aka wallafa a 2018, masu bincike a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun karɓi injin aski 50 daga hannun masu aski, suka auna. Sun sami alamar jinin mutum a jikin 21, sun sami alamar ƙwayar ciwon hanta samfurin B a jikin 4, ba su sami ta sida ba ko a ɗaya. Injin da aka matse bakinsa don ya yi ƙwal-kwabo ko ya fitar da layin goshi yana yankar fata yankan da ido ba ya gani, balle ga mai ƙurajen ƙeya ko na gemu. Abin da muke gani ana yi kuwa, a ɗiga masa kananzir ko fetur, ko a kunna ashana a lasa masa wuta daƙiƙa biyu, wannan kwantar da hankalin mai aski ne kawai. Kananzir yana sa ƙarfe ya yi santsi, amma ba maganin ƙwayar cuta ba ne.

Ƙa'idar da muke nema ba ta wuce abin da ƙaramin asibitin ƙauye yake yi kullum ba. Reza, a ɓare sabuwa a gaban mutum, in an gama a jefa ta cikin gwangwani mai ƙaramin baki, ba a ƙasa ba inda yara ke tsinta su yanke farce ko su feƙe fensir. Aska da almakashi da ƙarfen yankan farce da ƙaho, a wanke da sabulu, sannan a jiƙa su minti 10 a ruwan jabel, wanda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka suka fi sani da sunan Jik, a ɗauraye a shanya don kada su yi tsatsa. Haɗin ba wuya: idan kwalbar ta nuna kashi 3.5 cikin 100, ko digiri 12 yadda ake rubutawa a masu Faransanci, awo 1 na jabel ne a awo 6 na ruwa. Idan kashi 5 ce, awo 1 a awo 9. Kowace safiya a haɗa sabo, domin ƙarfinsa yana tafiya idan ya kwana ko ya sha rana. Wanda ke da murhu kusa, dafa ƙarfe minti 20 a tafasasshen ruwa ya wadatar. Injin aski kuwa, a kakkaɓe gashi da buroshi, a jiƙa bakinsa da alkol mai ƙarfin kashi 70, a bar shi ya bushe da kansa, kuma in ya fitar da jini a ajiye shi gefe har a wanke shi sosai. Matsalar ita ce minti 10 ɗin nan. Ran kasuwa babu wanzamin da zai zauna yana kallon aska a kwano layi yana jiransa. Maganinta shi ne ya mallaki kaya kashi biyu ko uku, yana aiki da ɗaya sauran suna cikin ruwa, kuma wannan kuɗi ne.

Nan ne maganar ta zo kanmu. A wani shiri da muka taɓa yi a rediyo, wani mai aski ya bugo waya ya ce shi ya san duk wannan, amma ranar da ya ƙara kuɗin reza a kan kuɗin aski, alhazan da ke ƙirga jaka-jaka a gabansa su suka fara tashi suka koma wurin maƙwabcinsa. Ba mu da amsar da za mu ba shi, domin gaskiya ya faɗa. Kuɗin reza guda bai kai na kofin shayi ba. Mutumin da zai biya duwan da ɗan dako da mai gadi ba tare da gardama ba, shi ne zai tsaya ciniki a kan rezar da za a ɗora masa a maƙogwaro. Kuma kada mu manta, katan-katan na reza da jabel da ake sha a yankin nan ta hannunmu suke bi. Ƙungiyar ƴan kasuwar da za ta sayar wa wanzaman kasuwarta waɗannan kaya a farashin sari ba za ta karye ba.

Wurin da ya fi damun mu shi ne askin suna. Babban mutum in ya kamu da ciwon hanta samfurin B, galibi jikinsa yana kore shi, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne yake zame wa na dindindin. Jariri kuwa akasin haka ne, kusan kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka kamu da jarirantaka da shi za su rayu. Allurar rigakafinsa tana nan tun 1982, Najeriya ta sa ta cikin allurar yara a 2004, Nijar a 2008. Amma allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar sai jariri ya yi mako 6 ake fara ta, aska kuwa ran kwana 7 take hawa kansa. In ba a yi masa ta ranar haihuwa ba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke so a yi cikin awa 24, to da jiki tsirara yake haɗuwa da ƙarfen da ya fito daga zabira, wanda wataƙila da safen nan aka yi wa wani ƙaho da shi. Uban da ya iya sayen ragon suna ya iya sayen reza sabuwa ya miƙa wa wanzami da hannunsa. Cire hakin wuya, ko beli, da ake haɗawa da askin, likitoci sun daɗe suna cewa ba shi da wani amfani ga jariri, sai haɗarin zubar jini da shigar cuta. Wannan magana ce da ya kamata sarakunan aska su zauna da likitoci a kanta.

Gefen mata ba a cika leƙa shi ba, don yawanci a cikin gida ake yi. Mataji da kibiyar kitso da tawul guda suna yawo daga kai zuwa kai, da su makero da ƙwarƙwata ke bin yara, ga man miƙar da gashi da ke ƙona fatar kai ya bar rauni a buɗe. Baƙin lalle da ake haɗawa da dayis yana tayar wa wasu mata da ƙuraje masu ruwa a kan zanen, wani lokaci amarya ce ana gobe ɗaurin aure. Sai man bilicin, wanda wasunsa ke ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata sun amince a 2023 a daina yin kayan shafa masu makuri da fataucinsu bayan 2025. Wanda ke sarin irin wannan mai ya sani kayan da doka ke bi ne yake zuba jarinsa a ciki, kuma matansa da ƴaƴansa na cikin masu shafawa.

Doka ba ita ce babu ba. Nijar tana da dokar tsabtar jama'a tun watan Maris na 1993, an kuma yi wata a kan lafiya da tsabta a 2022. Najeriya tana da duba-gari tun zamanin Turawa, kuma a 2002 aka kafa hukumar da ke kula da aikinsu. Tsoronmu shi ne kada kiran da muke yi ya zama sabuwar hanyar karɓar kuɗi, a wayi gari ma'aikaci ya zo da rasit ya yanka wa wanzami tara, ya tafi bai ko duba kwanon ruwa ba. Mun ga yadda irin wannan ta ƙare a wasu sana'o'in. Mai askin da aka matsa wa a Ɗan Isa gobe zai shimfiɗa tabarmarsa a Jibiya, domin wanzaman da ke cin kasuwannin nan su ne dai a ɓangarorin biyu. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024, amma ba mu ji an ce zabira ta kasa ƙetarewa ba. Ƙa'idar da za ta tsaya a gefe ɗaya ta iyaka ba za ta yi aiki ba.

Don haka muna kira ga magadan gari na wannan gefe da shugabannin ƙananan hukumomi na wancan, su bi ta hannun sarakunan aska da sarakunan kasuwa da shugabannin masu shagon aski. A fara da koyarwa, ma'aikacin lafiya ya zo ran kasuwa ya haɗa ruwan jabel a gaban kowa. A ba wanda ya koya wata alama da zai rataya a rumfarsa, kyauta, don mai neman aski ya san inda zai zauna. Masu yankan farce, waɗanda yawancinsu samari ne ƴan ci-rani da ba su da rumfa balle shugaba, a neme su ta hannun masu masaukinsu. Tara ta zo daga baya, ga wanda aka koya wa ya ƙi. Su kansu masu askin a auna su a yi wa marasa cutar allura, domin su ne hannunsu ke cikin jinin mutane kullum.

Ɗan kasuwa kuma da ya haura shekara 20, wataƙila an haife shi kafin allurar ta shiga tsarin yara, musamman a wannan gefe. Awon jinin ɗan digo ne daga yatsa, ana samun sakamako a ranar. Wanda ba shi da cutar sai ya yi allura 3 cikin wata 6. Wanda aka samu da ita, akwai ƙwayar magani irin tenofovir da likita ke ba waɗanda suka cancanta, tana danne cutar ta kare hanta ko da ba ta raba mutum da ita ba, kuma sai a auna matansa da ƴaƴansa, a ware masa rezarsa da abin yankan farcensa a gida.