Kafin ka ƙara wa motarka ƙarfi, ka ji tausayin giyarta

1/ Samarin BMW, Benz da Lexus, ku matso kusa, yau da ku nake. Ra'ayina: duk wanda ya kashe kuɗi a salansa mai ƙara da rimaf ɗin inji alhali bai saka oyil kula a giyarsa ba, ya fara gini ne daga rufi. Zare ne, ku bi ni a hankali 🧵

2/ Man giyar atomatik aiki uku yake yi lokaci guda. Yana shafe haƙoran giya kada ƙarfe ya ci ƙarfe, shi ne ke matse kulocin ciki idan giya za ta canza, kuma shi ne ke kwashe zafi ya fitar da shi waje. Idan man ya lalace, duka ukun ka rasa.

3/ Inda man ya fi jin daɗin aiki shi ne wajen digiri 80 zuwa 95. Ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya fara ƙonewa: launinsa ya yi duhu, ya riƙa warin ƙauri, robobin ciki su ƙandare, kuloci ya fara zamewa. Zamewar kuma wani zafin take ƙarawa.

4/ Daga ina zafin yake fitowa? Mafi yawansa daga kombata, wato tulun nan da ke tsakanin inji da giya. Muddin bai kulle ba, mai yake ta kaɗawa. A gosulo, a tashi da ƙarfi, a wasan dirif, kusan duk lokacin a buɗe yake.

5/ Yanzu ka haɗa da yanayinmu. Watan Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafi yana wuce digiri 40. Kura ta toshe lagireto, AC a kunne, kai kuma ka take totur har ƙasa. Iskar da za ta sanyaya man ita kanta da zafinta take zuwa.

6/ Na san me wasu za su ce: "Malam, injiniyoyin Jamus sun fi ka sani, bar mota yadda ta zo." Gaskiya ne, idan daga gida zuwa ofis kake zuwa, ka bar ta, ka dai riƙa canza mai. Amma su lissafinsu a kan ƙarfin da motar ta fito da shi suka yi. Kai da ka ƙara ƙarfi, ka riga ka rushe lissafin.

7/ Sai batun "man giya ba a canza shi har abada". Kamfanin ZF, wanda ya ƙera giyar BMW da yawa irin 6HP da 8HP, ya taɓa ba da shawarar a canza tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara 8. Tokumbon da ka saya, ka san yaushe rabonta da sabon mai?

8/ Ga tsarin da nake ganin ya dace. Na farko, auna. Ka sayi ɗan sikanan OBD da ake haɗawa da waya, ko bakanike ya jona kwamfuta, ku ga zafin man giya bayan tuƙi mai nauyi. Kada ka sayi komai sai ka ga lamba da idonka.

9/ Na biyu, mai na asali da filta sabuwa. Lexus IS250 da IS350 man Toyota WS suke sha. ZF 6HP na son Lifeguard 6, 8HP kuma Lifeguard 8. Giyar Benz 7G-Tronic akwai mai jan mai, akwai mai shuɗi, ba a haɗa su. "Duk ATF ɗaya ne" magana ce da ta kashe giya ba adadi.

10/ Cika man ma da ƙa'ida. Yawancinsu ba su da sandar awo. A ZF, inji na aiki ake duba shi, man na tsakanin digiri 30 zuwa 50. Ya yi kaɗan, famfo ya zuƙi iska. Ya yi yawa, ya yi kumfa. Duka biyun zafi suke haifarwa.

11/ Na uku, oyil kula. Ƙaramin lagireto ne na man giya, ana ɗaura shi a gaba inda iska ke bugu. A saka masa tamostat, don man da ya yi sanyi da yawa shi ma kauri yake yi, giya ta riƙa fizga. Al'adar nan ta cire tamostat a wurgar, don Allah a daina.

12/ Nan ne wurin da ba wasa: tiyo. Kada a yarda a saka maka tiyon ruwa ko a ɗaure da waya. Man giya yana kama wuta idan ya zuba a kan salansa mai zafi. Tiyo na mai, kilif mai kyau, kuma a nisanta shi da salansa. Arha a nan tana iya cinye motar gaba ɗaya, har da na cikinta.

13/ Masu manuwal, ba ku tsira ba. Yawancin giyarku ba ta da famfo, haƙora ne ke watsa man. Ku duba abin da littafin motar ya ce: inda aka rubuta GL-4 kada a zuba GL-5, yana iya cin zobban tagulla da ke daidaita shigar giya. Masu dirif ku tuna da man difarenshal, shi ma dahuwa yake yi.

14/ Sai bayan duk wannan ka je rimaf ɗinka. Ka shiga Ƙofar Ruwa, Panteka ko Apo ka tambayi kuɗin giya Beljiyam, ka kwatanta da kuɗin mai, filta da kula. Lissafin ba ya buƙatar kalkuleta.

15/ Kuma wasan mota a yi shi a fili killatacce, ba a titin unguwa ranar biki ba, yara na wucewa. Wanda ya taɓa auna zafin giyarsa ya ajiye mana lambar da irin motar a ƙasa, mu gani ko ni ne nake zuzutawa.