Inji Ba Ya Aski, Hannu Ke Yi

A wannan wata zancenmu a kan aski yake, sana'ar da iyayenmu suka shigo da ita ƙasar nan cikin zabira, tun garin nan ana kiransa Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna zuwa N'Djamena a 1973. Yawancinsu hanyar Makka ce ta biyo da su, suka zauna, Bahaushe kuwa ya yi suna a wanzanci: aski, ƙaho, kaciya da askin jariri ranar suna.

To, yau fa? Daga Dembe zuwa Babbar Kasuwa, ko'ina ka duba shagon aski ne. Yaro ya bar makaranta, a sayo masa inji daga Kuseri, a kafa madubi, shi ke nan wai ya zama gwani. Bayan wata shida ka tarar da shagon a rufe, a ce ai kasuwa ce babu. Ba kasuwa ce babu ba, koyo ne babu.

Injin askin nan na lantarki wani Ba'amurke ne mai suna Leo Wahl ya sami rajistar ƙirƙiro shi a 1921. Bakunan roba da ake sa masa kowanne da lambarsa: lamba 1 tana barin gashi milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, lamba 4 kuma milimita 13. Wanda bai san wannan lissafi ba, da ka yake aski.

Abu na farko, a duba kai kafin a taɓa shi. Wani kan yana da kwari a gefe, wani ƙeyarsa ta fito, wani gashinsa ya fara janyewa a goshi. Gwani yakan bar gashi da ɗan yawa inda kai ya lotsa, ya rage inda ya tasa, har kan ya fito daidai. Cikar gashi ba yawansa ba ce, sanin inda za a bar shi ne.

Na biyu, gashinmu a murɗe yake, tsawonsa na gaskiya ba ya bayyana sai an taje shi ya miƙe. Saboda haka a taje shi sosai, a kuma yi saisaye yana bushe. In aka yanke shi a jiƙe, da ya bushe sai ya takure, ka ga tudu nan, rami can.

Na uku, hawa-hawa. A fara da babbar lamba a saman kai, a riƙa saukowa zuwa ƙarama wajen kunne da ƙeya. Inda lamba biyu suka haɗu, nan ake gane mai aski: ya riƙa ɗago bakin injin waje a hankali, yana wasa da ɗan hannun da ke gefensa, har layin ya ɓace. A kuma tuna, bin kwanciyar gashi yana barinsa da tsawo da duhu, saɓa mata kuwa yana rage shi ƙwarai. Askin da aka ƙwalƙwale gefe tas aka bar tuli a sama, ban da muni, malamanmu sun daɗe suna hani da shi.

Na huɗu, mu tuna inda muke. Nan ba Kano ba ce. Kujera ɗaya Bahaushe zai zauna, Balarabe ya zauna, mutumin Kudu ya zauna, gashinsu kuwa ba iri ɗaya ba ne. Gashi mai santsi almakashi yake so: a ɗan jiƙa shi, a ɗago shi tsaye tsakanin yatsu biyu, a yanka kashi-kashi, kowane kashi a gwada shi da na kusa. Wanda ya iya almakashi da mataji, ko wuta ta ɗauke ba zai kori mai aski da rabin kai ba, mun kuwa san halin wutar garin nan.

Sai babbar magana, wato tsabta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jinin da ya taɓa ƙarfe. Makero ma ta inji da mataji yake yawo daga kan yaro zuwa kan yaro, mu malaman makaranta mu ne shaidu. Reza ɗaya, mutum ɗaya, a ɓare ta a gaban mai ita. Bakin inji a kakkaɓe shi, a goge da alkol bayan kowane kai. Kada a matsa aski a ƙeya da ƙarƙashin haɓa, domin murɗaɗɗen gashi in an yanke shi ƙasa ainun sai ya koma cikin fata, ya zama ƙurajen da kan bar tabo har abada. Kada kuma a ci gaban goshi wajen gyaran fuska. Gashi kusan santimita ɗaya yake tsirowa a wata, kuskuren minti ɗaya sai mutum ya yi makonni yana ɓoye shi da hula.

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shawarata ga iyaye ita ce, kafin a sayi inji a kai yaro wurin gwani ya yi ko da shekara guda, kamar yadda ɗan wanzami kan daɗe yana riƙe zabira kafin a miƙa masa aska. Dattawan wanzamai kuma su daina kallon inji a matsayin kishiya. Su ke da sanin kai da sauƙin hannu, samari ke da kayan zamani. In ba a haɗa biyun ba, sana'ar da muka gada za ta koma hannun waɗanda suka fi mu haƙurin koyo.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.