Kafin mu ba matasanmu rancen buɗe gidan gem



A zamanmu na ƙarshe, matasa biyu sun nemi ƙungiya ta ba su rance daga asusun tallafi domin su buɗe gidan gem a nan Zugurma. Wasu daga cikin dattawanmu sun ƙi tun kafin a gama karanta takardar, a ganinsu wurin ɓata yara ne. Mu a namu ganin, wannan magana ce ta tsari, a hana 'yan makaranta shiga lokacin karatu, a rufe lokacin salla. Mun san gidajen gem a Kontagora da suka riƙe masu su shekaru, wasu har aure suka yi da su. Abin da ya fi damun mu shi ne na'urar da za a saya, da inda masu ƙera ta suka dosa.

Sana'ar nan a kan kayan gwanjo ta ginu. PlayStation 2 da kamfanin Sony ya fitar a 2000, an sayar da ita fiye da miliyan 150 a duniya. Da Turawa suka gaji da ita, sai ta gangaro kasuwanninmu da araha. Ka sayi na'ura, faifan ƙwallo, talabijin da ƙaramin janareto, shi ke nan, ba ruwanka da kamfani kuma.

To, wannan "ba ruwanka" ɗin ne kamfanonin suke neman kashewa, domin faifan da ya zaga hannu biyar ba ya kawo musu ko sisi. A 2020 Sony ya fitar da PlayStation 5 iri biyu, ɗaya ba ta da wurin sa faifai. Xbox Series S ta Microsoft ma haka take. A 2024 da PS5 Pro ta fito a kan kusan dala 700, wurin faifan daban ake sayen sa. Microsoft kuwa tun 2017 yake tura mutane ga Game Pass, wato ka riƙa biya wata-wata kamar kuɗin DStv. Hatta PES da yaranmu suka tashi da ita, tun 2021 ta koma eFootball, sai dai a sauke ta daga intanet.

Wannan tsari an yi shi ne don mai wuta dare da rana da intanet mai ƙarfi. Mu da muke maƙwabtaka da madatsar Kainji, kowa ya san yadda muke da wuta. Ga fetur tun cire tallafi a 2023, ga dala. Wasa ɗaya yana iya cinye data mai yawan gaske kafin ya sauka, in ma sabis ya bari. Kuma wasan da ka saya ta intanet yana maƙale da asusunka ne, ranar da kasuwa ta ƙi ba za ka iya ɗaukar sa ka sayar ka rage bashi ba. Kuɗin asusun nan kuwa na marayu da gajiyayyu ne, dole su dawo.

Shawararmu ga kwamiti ita ce a ba su rancen, amma da sharaɗi. Su sayi PS4 ta hannu ko PS5 mai cin faifai, su sa sola maimakon dogaro da janareto, su haɗa da cajin waya da kallon ƙwallo. A kuma taƙaita biyan bashin cikin shekara biyu, don ba mu da tabbacin na'urar da za ta biyo bayan wannan za ta karɓi faifai.

Mai wata shawara ya rubuta a ƙasa, za mu karanta wa kwamiti a zama na gaba in sha Allahu.

Sakataren ƙungiya